Mutum-mutumin Waliyyi Wenceslas na Prag

Mutum-mutumin Waliyyi Wenceslas (da harshen Cek: Pomník svatého Václava) wani mutum-mutumi ne na tagulla da ke tsaye a saman Dandalin Wenceslas, a tsakiyar birnin Prag, babban birnin Jamhuriyar Cek. Yana nuna Wenceslas, basaraken da ya mulki ƙasar Bohemiya a farkon ƙarni na 10, bisa doki cikin kayan yaƙi, ga wasu waliyyai huɗu na ƙasar tsaye kewaye da shi. Josef Václav Myslbek ne ya ƙera shi. Ya fara aikin a shekarar 1887, aka kafa dokin da mahayinsa a 1912, aka yi bikin buɗewa a 1913, amma ba a kammala aikin gaba ɗaya ba sai a 1924, shekara biyu bayan rasuwar Myslbek.

Kiristocin ƙasar suna ɗaukar Wenceslas a matsayin waliyyin da ke tsaron ƙasarsu, kuma hatta waɗanda ba sa bin wani addini suna kallonsa a matsayin alamar ƙasa. Shi ya sa gindin wannan mutum-mutumi ya zama wurin da jama'a ke taruwa duk lokacin da wani babban al'amari ya taso, tun daga shelar 'yancin kai a 1918 har zuwa zanga-zangar da ta kawo ƙarshen mulkin kwaminisanci a 1989. Akwai kuma almara da al'adun gargajiya masu yawa da ke rataye da shi, mafi shahara a cikinsu ita ce wadda ke cewa wata rana dokin zai motsa, waliyyin ya jagoranci rundunar da ke barci a cikin dutsen Blaník.

Suna

Sunan waliyyin a harshen Cek shi ne Václav. Harafin c a rubutun Cek sautin "ts" yake bayarwa, don haka furucin sunan ya fi kusa da "Vatslaf". Asalinsa tsohon suna ne na harsunan Silab, wanda aka haɗa daga kalmomi biyu, ɗaya mai ma'anar "ƙari" ko "mafi yawa", ɗayar kuma mai ma'anar "ɗaukaka". Da marubutan coci suka rubuta shi da Latin sai ya koma Venceslaus, kuma daga nan ne aka samu Wenceslas da ake amfani da shi a Faransanci da Ingilishi, da Wenzel na Jamusanci. Har yanzu sunan yana cikin sunayen maza da aka fi sani a ƙasar. Shugabannin Jamhuriyar Cek biyu na farko, Václav Havel da Václav Klaus, dukansu sunan suke ɗauke da shi. A gida akan taƙaita shi zuwa Vašek ko Venca.

Sunan dandalin a hukumance shi ne Václavské náměstí, amma mutanen Prag a hirarsu ta yau da kullum Václavák suke ce masa. Mutum-mutumin kuwa galibi "doki" kawai suke kiransa, wato kůň.

Wane ne Wenceslas

An haifi Wenceslas wajejen shekarar 907 a gidan sarautar Přemysl. Sunan mahaifinsa Vratislav na Ɗaya, mahaifiyarsa kuma Drahomíra. Kakansa Bořivoj da kakarsa Ludmila su ne masu mulki na farko a gidan da suka karɓi addinin Kirista, kuma a hannun Ludmila ya tashi. Mahaifinsa ya rasu a 921 yana ƙaramin yaro, sai rikici ya ɓarke tsakanin uwar da kakar kan wanda zai riƙe shi da kuma mulkin. A cikin wannan shekara aka shaƙe Ludmila har lahira a gidanta da ke Tetín, kuma tsofaffin rubuce-rubuce sun ɗora alhakin kisan a kan mutanen Drahomíra.

Bayan 'yan shekaru Wenceslas ya karɓi ragamar mulki. Sarautarsa ita ce kníže, wadda darajarta ba ta kai ta cikakken sarki mai kambi ba, duk da cewa wata waƙar Kirsimeti da John Mason Neale ya wallafa a Ingila a 1853 ta sa mutane da dama suna kiransa sarki. Shi ya gina ƙaramar majami'ar Waliyyi Vitus a fadar Prag, a wurin da babbar majami'ar birnin take a yau. A 929 sarkin Jamusawa Heinrich na Ɗaya ya zo Prag da runduna, Wenceslas ya yi sulhu da shi, ya amince da biyan haraji. Wannan sulhu ya zama abin muhawara har bayan shekara dubu.

Ranar 28 ga Satumba aka kashe shi a garin Stará Boleslav, a ƙofar majami'a, a hannun mutanen ƙanensa Boleslav, wanda ya gaje shi. Mafi yawan masana tarihi na yanzu suna cewa a 935 abin ya faru, amma tsofaffin littattafai sun rubuta 929. Ba a daɗe ba aka mayar da gawarsa majami'ar Vitus a Prag, jama'a suka fara ɗaukarsa a matsayin wanda ya mutu saboda addini, aka kuma rubuta tarihinsa da Latin da kuma tsohon harshen Silab na coci tun cikin ƙarni na 10.

Sannu a hankali sai aka fara kallonsa a matsayin mai ƙasar na dindindin, sarakunan da ke kan gado kuwa riƙon amana suke yi masa. A yaƙin Chlumec na 1126 rundunar Bohemiya ta fita da mashin da aka ce nasa ne, ta kuma yi nasara a kan rundunar sarki Lothar na Uku. A ƙarni na 14 sarki Karel na Huɗu ya sa aka ƙera sabon kambin sarauta ya sadaukar da shi ga waliyyin, ya kuma gina masa ɗaki na musamman a cikin babbar majami'ar Vitus, inda kabarinsa yake har yau.

Dandalin da tsohon mutum-mutumi

Karel na Huɗu ne ya shata dandalin a 1348, lokacin da ya kafa unguwar da ake kira Sabon Gari. Kasuwar dawaki ce a wancan lokaci, kuma sunan da ake kiran wurin da shi ke nan na tsawon shekara 500. Tsawonsa ya kai kimanin mita 750, faɗinsa kuma kimanin mita 60, don haka ya fi kama da wani faffaɗan titi mai gangara fiye da dandali mai kusurwa huɗu.

Wajejen 1680 aka kafa mutum-mutumin Wenceslas na farko a wurin, na dutse ne, aikin Jan Jiří Bendl, shi ma bisa doki. A 1848, lokacin da kishin ƙasa da na harshe ke ƙara ƙarfi tsakanin Cekawa a ƙarƙashin daular Ostiriya, aka sauya wa kasuwar suna zuwa Dandalin Wenceslas bisa shawarar ɗan jarida Karel Havlíček Borovský. A ranar 12 ga Yuni na wannan shekara aka yi sujada a fili a gindin tsohon mutum-mutumin, kuma bayan an tashi ne aka yi arangama da sojoji, wadda ta zama mafarin boren Prag na 1848. A 1879 aka ɗauke aikin Bendl aka kai shi Vyšehrad. Kwafinsa ne ke can a yanzu, na asalin kuwa yana ajiye a hannun Gidan Tarihi na Ƙasa.

An rushe tsohuwar ƙofar gari da ke saman dandalin a shekarun 1870, aka gina Gidan Tarihi na Ƙasa a wurin tsakanin 1885 da 1891, bisa zanen Josef Schulz. Wannan gini ne ya sa aka ga dacewar kafa sabon mutum-mutumi da girmansa zai yi daidai da wurin.

Yadda aka ƙera shi

An haifi Myslbek a 1848, ya rasu a 1922, kuma ana ɗaukarsa a matsayin jagoran masu ƙera mutum-mutumi na ƙasar a zamaninsa. Ya shafe sama da shekara 30 yana wannan aiki, yana sake fasali bayan fasali. A gasar da aka shirya a 1894 babban abokin takararsa shi ne Bohuslav Schnirch, amma daga ƙarshe shi aka ba aikin. Don ya fitar da siffar dokin daidai, ya yi amfani da wani ingarman sojoji mai suna Ardo a matsayin abin kwaikwayo. Kwalkwali da sulken mahayin kuma ya kwaikwayo su ne daga waɗanda ke ajiye a taskar babbar majami'ar Vitus, waɗanda al'ada ta ce na Wenceslas ne. Alois Dryák ne ya zana dakalin dutsen da aka ɗora aikin a kai, Celda Klouček kuma ya yi adon da ke jikinsa.

Tsayin doki da mahayi ya kai mita 5.5, in an haɗa da mashin kuma mita 7.2. Nauyinsu ya kai kimanin tan 5.5, domin cikin tagullar kogo ne. Wenceslas yana riƙe da mashi mai tuta a hannun dama, linzami a hannun hagu, dokin ya ɗaga ƙafar gaba ɗaya kamar mai tafiya a natse. Ya juya wa gidan tarihi baya, yana fuskantar gangaren dandalin. A jikin dakalin an rubuta addu'ar da aka ciro daga wata tsohuwar waƙar coci ta Wenceslas, wadda ke cikin waƙoƙi mafi daɗewa a harshen Cek. Abin da addu'ar ta ƙunsa shi ne roƙon tsira ga al'ummar ƙasar da zuriyarsu.

Waliyyai huɗu

A gaba akwai Ludmila, kakar Wenceslas, da Prokop, wanda ya kafa gidan sufaye na Sázava, inda ake yin ibada da harshen Silab maimakon Latin. Prokop ya rasu a 1053. A baya kuma akwai Vojtěch, wanda Turawan yamma suka sani da Adalbert, bishop na biyu na Prag, da aka kashe a 997 yana wa'azi a ƙasar Prusawa, sai Anežka, 'yar sarki Přemysl Otakar na Ɗaya, wadda ta ƙi auren sarauta ta kafa asibiti da gidan mata masu ibada a Prag, ta rasu a 1282. Siffar Vojtěch ce aka kafa daga ƙarshe, a 1924.

Lokacin da aka ƙera siffar Anežka cocin Katolika bai riga ya sanya ta cikin jerin waliyyai ba. Akwai wata tsohuwar magana a bakin jama'a da ke cewa ƙasar Bohemiya ba za ta samu sauƙi ba sai ranar da aka tabbatar mata da wannan matsayi. Fafaroma John Paul na Biyu ya yi hakan ranar 12 ga Nuwamba, 1989, kwana biyar kafin zanga-zangar ɗalibai da ta zama mafarin faɗuwar gwamnatin kwaminisanci. Wannan dacewa ta sa maganar ta sake yaɗuwa ƙwarai.

A koyarwar cocin Katolika, girmama waliyyi da neman addu'arsa daban yake da bauta, wadda ta Allah ce shi kaɗai, siffar kuma abin tunawa ce. Wasu ɗarikun Kirista, musamman na Furotesta, ba su yarda da neman addu'ar waliyyai ba. Duk da haka, mabiya Jan Hus, malamin da aka ƙona a 1415, su ma sun riƙa girmama Wenceslas, har suna zana shi a garkuwoyinsu.

Almarar dutsen Blaník

Blaník dutse ne mai kurmi a kudu maso gabashin Prag, kusa da garin Louňovice. Ƙololuwarsa mafi tsayi ta kai mita 638. Almara ta ce a cikinsa akwai rundunar mahaya da ke barci tare da dawakinsu, suna jiran ranar da ƙasar za ta shiga halin da ba ta taɓa shiga ba. Alamar ranar ita ce wata busasshiyar bishiya da ke kan dutsen za ta yi ganye, marmaron da ke gindinsa kuma ya cika ya tumbatsa. Sai dutsen ya buɗe, mahayan su fito, Wenceslas yana gabansu bisa farin doki.

Bayan an kafa aikin Myslbek, sai mutanen Prag suka haɗa shi da labarin. A ruwayarsu, mutum-mutumin da ke dandalin ne zai rayu ya sauko daga dakalinsa ya tafi ya tada rundunar. Idan ya zo ƙetare Gadar Karel, dokinsa zai yi tuntuɓe da wani dutse, sai takobin Bruncvík da aka ɓoye a cikin ginin gadar ya bayyana. Bruncvík jarumin tatsuniya ne da aka ce ya yi yawon duniya tare da wani zaki da ya ceta, kuma takobinsa yana sare kawunan abokan gaba da kansa idan an ba shi umarni. Da wannan takobi ne waliyyin zai kori maƙiya, ƙasa ta zauna lafiya.

Akwai ƙananan labarai da ke biye da wannan, kamar na makiyayi ko maƙerin da ya faɗa cikin dutsen ya yi wa mahayan aiki, yana zaton kwana ɗaya ya yi, da ya fito ya tarar shekara ta shuɗe. A wasu ruwayoyin da sharar bargar dawaki aka sallame shi, ya zubar da ita a hanya, sai daga baya ya ga ɗan abin da ya maƙale a jakarsa ya zama zinariya.

Masu nazarin adabin baka suna sanya wannan labari cikin rukunin almarar sarkin da ke barci a cikin dutse, wanda ake samu a wurare da dama na Turai. Jamusawa suna da irinsa game da sarki Friedrich Barbarossa a dutsen Kyffhäuser, mutanen Birtaniya kuma game da sarki Arthur. Labarin Blaník ya samu karɓuwa sosai a ƙarni na 19. A 1868 an ɗauko dutse daga can aka sa cikin harsashin Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa a Prag. Bedřich Smetana ya sa wa kashi na ƙarshe na jerin kiɗansa mai suna Má vlast sunan Blaník a 1879, Alois Jirásek kuma ya saka labarin cikin littafinsa na tsofaffin almarar Cekawa da ya fito a 1894, wanda ɗaliban ƙasar suka daɗe suna karantawa.

Da yake rundunar ba ta fito ba a 1939 ko a 1968, almarar ta koma abin barkwanci mai ɗaci. Mutane sukan ce tun da mahayan ba su motsa ba, ashe har yanzu ba a kai ga mafi munin hali ba. A kan wannan tunani aka gina wasan barkwanci mai suna Blaník, wanda gidan wasan Jára Cimrman ya fara nunawa a 1990.

Sauran hikayoyi

Tsofaffin hikayoyin coci sun siffanta Wenceslas da mai tausayin talakawa. Sun ce yakan fita da dare ba takalmi cikin ƙanƙara yana zagaya majami'u, baransa Podiven yana biye da shi yana taka sawunsa don ya ji ɗumi. Sun kuma ce da hannunsa yake girbe alkama ya toya gurasar sujada, ya matse inabin da za a yi amfani da shi a coci. Saboda haka ne masu gonakin inabi da masu dafa giya suka ɗauke shi waliyyinsu, kuma har yanzu akwai gonar inabi a gangaren fadar Prag da ake kira da sunansa. Wata hikayar ta ce ya nemi su gwabza shi da wani basarake mai suna Radslav su biyu kaɗai don kada a zubar da jinin mayaƙa, sai Radslav ya ga alamar gicciye a goshinsa da mala'iku a gefensa, ya sauka daga doki ya miƙa wuya.

Game da kambin sarauta kuwa, jama'a suna cewa duk wanda ya ɗora shi a kansa ba da haƙƙi ba zai mutu kafin shekara ta zagayo. An riƙa yaɗa cewa Reinhard Heydrich, wakilin gwamnatin Nazi a Prag, ya gwada kambin a ɓoye. An kai masa hari ranar 27 ga Mayu, 1942, ya mutu ranar 4 ga Yuni. Masana tarihi suna ɗaukar batun gwada kambin a matsayin jita-jita. Kambin yana ajiye a wani ɗaki na babbar majami'ar Vitus mai makullai bakwai, kowane a hannun wani babban jami'in gwamnati ko na coci.

Ranar Wenceslas

Ranar 28 ga Satumba ita ce ranar waliyyin a kalandar coci, kuma tun shekarar 2000 ta zama ranar hutu ta ƙasa. Babban taron addini a Stará Boleslav ake yinsa, inda ake kawo ƙoƙon kan waliyyin daga Prag, a yi jerin gwano da sujada a fili. Fafaroma Benedict na Sha Shida ya jagoranci sujadar a 2009. A Prag kuma akan ajiye furanni a gindin mutum-mutumin. Duk mai suna Václav a wannan rana yake bikin sunansa, 'yan uwa da abokai su yi masa barka da ƙananan kyaututtuka, kamar yadda al'adar ƙasar take ga kowane suna da ke cikin kalanda.

A karkara ranar ta faɗo ne a ƙarshen kaka, don haka ta zama ma'aunin lokaci ga manoma. A da, a kusa da ita ake sauko da dabbobi daga makiyayar kan duwatsu, a biya makiyaya ladansu. Karin maganar manoma suna tunatar da cewa idan ranar ta zo a shirya murhu domin sanyi ya ƙarato, kuma ya kamata a ce an gama shukar hatsin da zai kwana a ƙasa lokacin hunturu. Garuruwan da majami'arsu ke ɗauke da sunansa suna yin bikin shekara da ake kira posvícení, inda ake gasa dinyar gida ko agwagwa, a ci da kabeji da dafaffen curin fulawa, a toya waina mai zaƙi da ake kira koláče, a yi kiɗa da rawa, dangi na nesa su zo ziyara. Lokacin ne kuma na tsinkar inabi, don haka ake yin kasuwannin sabon ruwan inabi a yankunan da ake nomansa. A ƙarni na 18 sarki Josef na Biyu ya yi ƙoƙarin haɗe irin waɗannan bukukuwa a Lahadi guda cikin Oktoba don rage ranakun da ba a aiki, amma ƙauyuka da yawa suka karɓi sabuwar ranar ba tare da sun saki tasu ta gado ba.

A ƙarƙashin wutsiya

Mutanen Prag sun daɗe da mayar da wurin mahaɗarsu. Idan abokai ko masoya za su sa lokaci sukan ce a haɗu u koně, wato "wajen doki", ko pod ocasem, wato "ƙarƙashin wutsiya". Wutsiyar dokin tana ɓangaren gidan tarihi ne, kusa da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Muzeum, inda layuka biyu suka haɗu. Maganar ta zama sananniya har ba a bukatar a ambaci sunan waliyyin ko na dandalin.

Mutum-mutumin a tarihin siyasa

Ranar 28 ga Oktoba, 1918, jama'a suka cika dandalin da suka ji daular Ostiriya da Hangari ta nemi sulhu. A gindin mutum-mutumin ne Isidor Zahradník, limamin coci kuma ɗan majalisa, ya yi wa taron shelar kafuwar ƙasar Cekoslobakiya. An rubuta wannan kwanan wata a daɓen da ke gabansa. Bayan kwana shida wasu masu zanga-zanga suka tumɓuke ginshiƙin Maryamu da ke dandalin Tsohon Gari, domin suna ganinsa alamar mulkin gidan Habsburg ne. Ba wanda ya taɓa na Wenceslas. A 1929 gwamnati da coci suka yi bikin cikarsa shekara 1000 da rasuwa, bisa tsohon lissafi, kuma a wannan shekara aka kammala ginin babbar majami'ar Vitus.

A lokacin mamayar Jamus daga 1939 zuwa 1945, 'yan Nazi sun yi amfani da sulhun da Wenceslas ya yi da Heinrich na Ɗaya a matsayin hujjar cewa dama can Cekawa a ƙarƙashin Jamus suke. A 1942, bayan kisan Heydrich, an tara jama'a a dandalin don su yi mubaya'a ga gwamnatin Jamus, kuma a 1944 aka ƙirƙiro lambar yabo mai ɗauke da sunan waliyyin ana ba waɗanda suka yi wa 'yan mamaya hidima. A ɗaya ɓangaren kuma talakawa sun ci gaba da rera waƙarsa suna nufin neman tsira daga mamayar. Gwamnatin kwaminisanci da ta hau mulki a 1948 ba ta yi na'am da shi ba, ta cire ranarsa daga ranakun hutu, amma ta bar mutum-mutumin a wurinsa, tana yin faretin ranar ma'aikata a gabansa.

Ranar 21 ga Agusta, 1968, sojojin Tarayyar Sobiyet da na ƙawayenta suka shiga ƙasar don murƙushe sauye-sauyen da Alexander Dubček ya fara. Tankokin yaƙi suka shigo dandalin, aka harbi fuskar gidan tarihi, matasa kuma suka hau dakalin mutum-mutumin da tutoci, suka lulluɓe shi da takardun nuna ƙin amincewa. Ranar 16 ga Janairu, 1969, wani ɗalibin Jami'ar Karel mai shekara 20, Jan Palach, ya cinna wa kansa wuta a gaban gidan tarihin don nuna adawa da mamayar da kuma yadda jama'a suka fara saduda. Ya rasu bayan kwana uku. Wani ɗalibin, Jan Zajíc, ya yi irin haka a wani gini da ke dandalin ranar 25 ga Fabrairu. Daga nan ajiye fure ko kunna kyandir a wurin ya zama abin da 'yan sanda ke kama mutum a kansa. A Janairun 1989 an kama Václav Havel lokacin tarukan tunawa da Palach, aka ɗaure shi.

A Nuwamban 1989 dubban ɗaruruwan mutane suka riƙa cika dandalin kowace yamma, suna kaɗa makullansu sama, alamar lokacin gwamnatin ya ƙare. An sake lulluɓe dakalin da takardu da tutoci da kyandirori. Havel da Dubček sun yi wa jama'a jawabi daga barandar ginin Melantrich da ke gefen dandalin, kuma ranar 29 ga Disamba aka zaɓi Havel shugaban ƙasa. Da ya rasu ranar 18 ga Disamba, 2011, a gindin wannan mutum-mutumi mutane suka taru suka kunna masa kyandirori.

A yau

Hoton mutum-mutumin yana jikin tsabar kuɗin ƙasar ta koruna 20. Dandalin yana cikin yankin tsohon birnin Prag da hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 1992, mutum-mutumin kansa kuma yana cikin kayan tarihin da dokar ƙasa ta ba kariya. A 1999 David Černý ya ƙera wata siffa ta shaguɓe da aka rataye a rufin zauren Lucerna, kusa da dandalin, inda Wenceslas ke zaune a kan cikin mataccen doki da aka rataye ƙafafu sama. Wasu na ganin ta raini ce ga alamar ƙasa, wasu kuma na ganin suka ce ga halin da siyasar ƙasar ta shiga bayan 1989.

Jamhuriyar Cek tana cikin ƙasashen Turai da masu zuwa coci suka fi ƙaranci, amma wannan bai rage wa wurin matsayi ba. Masu zanga-zanga na kowane ɓangaren siyasa a gabansa suke kafa dandamalinsu, masu ziyarar ibada suna tsayawa su yi addu'a, 'yan yawon buɗe ido suna ɗaukar hoto, mazauna birnin kuma suna jiran abokansu a ƙarƙashin wutsiyar dokin.